Yadda ake haɗa makunnin MOSFET mai tare wuta ta ɓangarori biyu

Wutar lantarki ba ta san wane ɓangare aka kira "shiga" da wanda aka kira "fita" ba. Daga inda boltej ya fi yawa take tasowa, ta gangara inda ya yi ƙasa. Muddin tushen wuta ɗaya ne a da'ira, wannan bai dami kowa ba. Matsala tana farawa ne ranar da aka sami wuta a ƙarshen waya biyu: batirin gida da batirin ajiya, farantin sola da batir bayan rana ta faɗi, caja da aka cire daga soket amma aka bar ta maƙale da batir, ko inbata mai manyan kwandensa da ke riƙe caji bayan an kashe ta. A irin waɗannan wurare ana buƙatar makunnin da idan aka kashe shi, wuta ba za ta wuce daga A zuwa B ba, kuma ba za ta dawo daga B zuwa A ba.

Rile, wato makunnin da maganaɗisun nadin waya ke jan ƙarfensa, yana yin wannan aikin, domin ƙarfe biyu ne suke rabuwa. Sai dai nadin rilen mota na 12V yana cin kusan 150mA duk lokacin da yake kunne, wato sama da 3Ah a kwana ɗaya, kuma bakinsa yakan narke ya manne idan ana yawan kunna shi a kan kwandensa maras caji. Shi ya sa ake komawa ga MOSFET, wani irin taransista mai kunna wuta da kashe ta ba tare da wani ƙarfe ya motsa ba. Misalin da za a bi a nan shi ne makunni tsakanin batir biyu na tsarin 12V, mai ɗaukar 5A zuwa 10A, sannan a nuna abin da ke canzawa idan wutar ta ƙaru.

Dalilin da MOSFET ɗaya bai isa ba

MOSFET nau'i biyu ne, N da P, kuma ƙafa uku gare shi: D da S da wuta ke bi tsakaninsu, sai G mai kunnawa da kashewa. Kowane MOSFET na wuta yana da diyod (hanyar da wuta ke bi ta gefe ɗaya kawai) a cikin jikinsa, tsakanin ƙafar D da ƙafar S. Ba ƙari ba ne da za a iya cirewa, daga yadda aka gina silikon ɗin ya fito. A nau'in N, diyod ɗin yana barin wuta ta bi daga S zuwa D. A nau'in P kuwa daga D zuwa S take bi. Ko an kashe ƙafar G gaba ɗaya, wannan hanyar tana nan a buɗe, da zarar bambancin boltej ya kai kusan 0.6V.

Ana iya gani da mita. A haɗa G da S da ɗan guntun waya don caji ya zube, a juya mita zuwa alamar diyod. A kan nau'in N, jan tsinke a S, baƙi a D, mita za ta nuna wajen 0.5V. A juya tsinkayen, ba za ta nuna komai ba. Wato MOSFET ɗaya rabin makunni ne kawai.

Maganin shi ne a jera biyu a kan layin, a juya su baya da baya, yadda diyod ɗin ɗaya zai kalli gabas, na ɗayan ya kalli yamma. Duk ta inda wuta ta zo, za ta wuce diyod ɗaya ta ci karo da bayan na biyu.

Akwai abin da ya kamata a tsaya a kansa tun yanzu, domin a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Wannan tarewar tana aiki ne idan makunnin yana kashe. Da zarar an kunna shi, MOSFET biyun sun zama kamar guntun waya, wuta tana bi ta kowane ɓangare. Wanda yake son wuta ta tafi gaba kawai alhali makunnin yana kunne, yana buƙatar na'urar da ke lura da alkiblar wutar ta kashe G da kanta. Za a zo kan wannan a ƙasa.

A haɗa S da S, ko D da D?

Duka biyun suna tare wuta. Bambancin yana wurin tuƙa ƙafar G. MOSFET ba ya kallon boltej ɗin G shi kaɗai, yana kallon bambancin G da S ne. Idan aka haɗa S da S, wuri ɗaya ne ma'auni ga dukansu, don haka rasista ɗaya da zena ɗaya (diyod mai hana boltej wuce iyaka) sun isa, kuma ana iya haɗa G biyun. Ga mai haɗawa da hannu, wannan ita ce hanyar da ta fi aminci.

Haɗin D da D yana sa kowane S ya kalli waje, kowanne da nasa boltej, don haka kowane G yana son nasa direba, wato da'irar da ke kunna shi da kashe shi. Amfaninsa shi ne ana iya kashe caji daban da kashe fitar wuta daban. Ƙaramin allon kariyar batirin litiyom da ake gani manne da sel 18650 haka yake: DW01A yana tuƙa FS8205A, wanda MOSFET biyu ne nau'in N masu D ɗaya a cikin jiki guda, ƙafa ɗaya tana hana caji ya wuce kima, ɗaya tana hana batir ya zube ƙasa da kima.

Irin wannan allon yana yanke layin nagetif ne. Ga batir shi kaɗai babu laifi. Amma idan ɓangarorin biyu suna da wata hanya da ta haɗa nagetif ɗinsu, kamar igiyar USB, igiyar sadarwa, ko jikin ƙarfen mota, wutar za ta kewaye makunnin ta bi ta siririyar wayar nan har ta ƙone ta. Don haka a tsarin da na'urori suke magana da juna, a yanke layin fozitif.

Haɗi na farko: nau'in P guda biyu, har zuwa 5A

Kayan da ake buƙata su ne IRF4905 guda biyu (55V, 20mΩ iyaka idan G ya yi ƙasa da S da 10V), taransista BC547 guda biyu, diyod 1N4148 ɗaya, zena 15V irin 1N4744A, kwandensa 100nF, rasista 10Ω guda biyu, 10kΩ guda biyu, 100kΩ guda biyu, 1MΩ ɗaya, sai TVS (diyod mai danne tsallen boltej) da fiyus da za a zaɓa daga baya. Idan aka riƙe IRF4905 rubutunsa yana kallon mutum, ƙafafu a ƙasa, jerin daga hagu shi ne G, D, S.

Mataki na 1. A kira MOSFET biyun Q1 da Q2. A haɗa fozitif na ɓangaren A da D na Q1, fozitif na ɓangaren B da D na Q2, sannan S na Q1 da S na Q2 da waya mai kauri, gajeriya iya yiwuwa. Wannan mahaɗar ta tsakiya za a riƙa kiranta S. Nagetif na A da na B a haɗe suke kai tsaye.

Kyawun wannan tsarin yana nan: tunda diyod ɗin nau'in P yana kai wuta daga D zuwa S, mahaɗar S kullum tana ɗaukar boltej ɗin ɓangaren da ya fi yawa, a rage 0.6V. Ko A ce ke da wuta, ko B, ko duka biyun, S ita ce wuri mafi tsawo. Duk abin da ya ja G zuwa S ya kashe makunnin da gaske. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure rasistan G a ɓangaren A maimakon S. Ranar da aka cire batirin A, rasistan zai ja G ƙasa, makunnin ya kunna kansa, wutar B ta kwararo baya, wato ainihin abin da aka gina shi don ya hana.

Mataki na 2. A sa rasista 10Ω a kan kowace ƙafar G, kusa da jikin MOSFET, sannan a haɗa ƙarshensu wuri ɗaya. Wannan ita ce mahaɗar G. Waɗannan ƙananan rasista suna hana MOSFET biyun yin kaɗawa mai sauri tsakaninsu a lokacin kunnawa, abin da ba a gani da mita amma yana zafafa su.

Mataki na 3. Tsakanin G da S a jera abubuwa uku: zena (zoben jikinta yana kallon S), kwandensa 100nF, da rasista 1MΩ. Iyakar abin da G na IRF4905 ke jurewa shi ne 20V. A tsarin 12V da ke caji a 14.4V ba a kai nan ba, amma tsallen boltej na ɗan lokaci yana kaiwa, kuma fatar da ta raba G da sauran jikin siririya ce ƙwarai, fashewa ɗaya ta gama da ita. Farantin sola da ake kira na 12V ma yana ba da 21V zuwa 22V idan ba a ɗora masa komai ba.

Mataki na 4. Yanzu sai direba. A ƙirƙiri mahaɗa ta uku, a kira ta X. Rasista 100kΩ daga S zuwa X. Rasista 10kΩ daga X zuwa kolekta na BC547 na farko, wanda emitansa ke nagetif. Bes ɗinsa yana karɓar umarni ta rasista 10kΩ daga ƙaramin makunni ko ƙafar Arduino, da wani 100kΩ daga bes zuwa nagetif, domin idan allon umarni ba shi da wuta, makunnin ya zauna a kashe. Diyod 1N4148 yana tsakanin G da X, zobensa yana kallon X. BC547 na biyu kuma: kolekta a S, bes a X, emita a G.

Ga yadda yake aiki. Idan umarni ya zo, taransista na farko yana jan X zuwa wajen 1.1V, G ya biyo ta cikin diyod ya tsaya wajen 1.7V, bambancinsa da S ya zama kusan 10.3V a kan batir mai 12V. Saukar tana ɗaukar 'yan milisakan saboda 10kΩ da 100nF, kuma ana son hakan. Idan umarni ya ɗauke, X yana tashi, taransista na biyu ya ɗauki wuta daga S ya cika G da sauri. Ba don shi da diyod ɗin ba, da sai G ya cika ta 100kΩ, abin da zai ɗauki sama da milisakan 10, kuma duk tsawon wannan lokacin MOSFET yana tsaka-tsaki, ga wuta tana bi ga boltej a kansa. Da shi, lokacin yana raguwa kusan sau ɗari. Direban gaba ɗaya yana cin wajen 0.11mA idan yana kunne.

Lissafin zafi

A nan ne ake sanin ko haɗin zai rayu. Adadin juriyar da masana'anta ke bugawa na 25°C ne. Idan silikon ya kai 100°C, juriyar tana ninkuwa da 1.5 zuwa 1.7. IRF4905 biyu a jere 40mΩ ne a sanyi, a ɗauka 60mΩ da zafi. A 5A, zafin shi ne 5 × 5 × 0.06, wato 1.5W, kowanne 0.75W. Jikin TO-220, irin na IRF4905, da ba shi da farantin sanyaya yana hawa kusan 62°C a kan kowane wat, don haka ƙarin 46°C ke nan. A cikin akwati a ɗakin da ya kai 40°C, kamar yadda ake samu a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, silikon zai tsaya wajen 86°C. Wannan ya yi.

A 10A labari ya canza. Zafin ya zama 6W, kowanne 3W, ga asarar 0.6V a kan layin. Ba tare da farantin sanyaya ba, lissafi yana ba da ƙarin 186°C, wato zai mutu. Kuma asarar 0.6V a layin caji ta isa ta hana batir cika. Daga 5A zuwa sama, ya fi dacewa a koma nau'in N maimakon a yi ta ƙara ƙarfe.

Wanda zai sa farantin sanyaya ya kula da wannan: kunnen ƙarfe na TO-220 a haɗe yake da D. A haɗin S da S, kunnen Q1 shi ne A, na Q2 shi ne B. Idan aka ɗaure su a faranti ɗaya ba tare da takardar maika da wosha na roba masu hana wuta wucewa ba, farantin ya haɗa A da B, makunnin ya zama ado. Bayan ɗaurewa a auna tsakanin kowane kunne da farantin, mita kada ta yi ƙara.

Haɗi na biyu: nau'in N, daga 10A zuwa sama

IRFB4110 yana jure 100V, juriyarsa ba ta wuce 4.5mΩ. Biyu a jere da zafi wajen 14mΩ ne, wato 1.4W a 10A, 5.6W a 20A. Haɗin wutar iri ɗaya ne: A zuwa D na Q1, S da S, D na Q2 zuwa B. Wahalar ita ce nau'in N yana son G ya fi S da kusan 10V, kuma idan yana kunne S tana daidai da batir. A tsarin 12V ana neman 22V ke nan, wanda babu shi a allon.

Hanya mafi sauƙi ita ce direba mai haske, irin VOM1271 na Vishay ko TLP3906 na Toshiba. A cikinsa akwai LED da ƙananan sel masu mayar da haske wuta. Idan aka ba LED ɗin 10mA, ɗaya ɓangaren yana fitar da wajen 7V zuwa 8V da ba su da alaƙa da nagetif ɗin da'ira. Sai a haɗa fozitif ɗinsa da G, nagetif ɗinsa da S. Ba ya damuwa da wane ɓangare ne ya fi boltej. Rauninsa biyu ne. Wutar da yake bayarwa ba ta wuce 'yan µA goma sha, don haka cika G biyu masu kusan 150nC kowanne yana ɗaukar wajen milisakan 20. Sannan 8V bai kai 10V ɗin da aka auna juriyar IRFB4110 da shi ba, kuma yana ƙara raguwa da zafi. Ana gyara wannan da jera direba biyu, fitar ɗaya a kan ta ɗaya, tare da zena 15V. Kada a sa rasista ƙasa da 'yan MΩ tsakanin G da S a nan, domin 100kΩ kaɗai zai shanye wutar direban, G ya tsaya ƙasa da 2V.

Hanya ta biyu, wadda ta fi dacewa da aikin da za a dogara da shi, ita ce na'urar sarrafawa mai famfon caji a ciki. LTC4368 na Analog Devices an yi shi ne don MOSFET biyu baya da baya. Yana aiki daga 2.5V zuwa 60V, yana kashewa idan boltej ya yi yawa ko ya yi ƙasa, yana jure batirin da aka juya, kuma yana auna wuta ta ƙaramin rasista a kan layin. Yana da iri biyu, kuma bambancinsu shi ne amsar matsalar da aka ambata a sama. LTC4368-1 yana yankewa a 50mV ta kowane ɓangare, ya dace da batirin da ake caji kuma ake ja ta layi ɗaya. LTC4368-2 yana yankewa a 50mV ta gaba amma a 3mV kacal ta baya. Da rasistan awo na 4mΩ, wannan yana nufin 12.5A ta gaba da 0.75A ta baya. Rasistan zai ci 0.4W a 10A, don haka a sa mai 1W ko fiye, kuma wayoyin awo biyu su fito daga bakin rasistan kansa. Idan aka ɗauko su daga nesa a kan layin tagulla, juriyar tagullar za ta shiga lissafi, makunnin ya riƙa yankewa kafin lokaci.

Ga wanda ba ya son ko da wannan 0.75A ɗin ta koma, akwai masu sarrafa MOSFET ya zama kamar diyod maras asara. LM74700-Q1 na Texas Instruments yana riƙe faɗuwar boltej ta gaba a wajen 20mV, yana kashe G da zarar ya ga kusan 11mV ta baya. MOSFET ɗaya yake tuƙawa, don haka baya kawai yake tarewa. Ɗan'uwansa LM74800-Q1 yana da fita biyu, ɗaya ta diyod ɗin, ɗaya ta makunnin kunnawa da kashewa, shi ne cikakken haɗin.

Rububin wuta lokacin kunnawa

Kwandensa maras caji kamar gajeriyar waya yake a daƙiƙar farko. Idan B tana da 2200µF aka kunna makunni cikin µs kaɗan, abin da zai iyakance wutar shi ne juriyar waya da ta batir kawai, kuma tana iya haura 100A. Ka'idar ita ce wuta daidai take da girman kwandensa a ninka da saurin hawan boltej. Don cika 2200µF zuwa 12V cikin milisakan 20, 1.3A kawai ake buƙata.

Da na'urar sarrafawa, ana saita wannan da kwandensa daga G zuwa nagetif, tare da rasista a jere da shi yadda takardar masana'anta ta nuna. A ce na'urar tana tura 35µA zuwa G. Wutar rububin ita ce 35µA a ninka da kwandensan B, a raba da kwandensan G. Da 47nF ana samun kusan 1.6A, hawan ya ɗauki milisakan 16. A farkonsa MOSFET yana ɗauke da 12V da 1.6A lokaci guda, wato kusan 20W.

Wannan zafin ba ya rabuwa biyu. Ɗaya ne yake ɗauka duka, ɗayan diyod ɗinsa ne kawai ke aiki. A nau'in N mai S da S, wanda ke kusa da ɓangaren mai wuta ne yake shan wahala. A nau'in P kuwa na nesa ne. A buɗe zanen SOA, mai nuna iyakar boltej da wutar da ake iya ɗora masa lokaci guda, a takardar MOSFET ɗin, a nemo mahaɗar boltej da wutar, a tabbatar tana ƙasa da layin milisakan 10, ko na DC idan hawan ya fi haka tsawo, a kuma bar rata domin zanen na 25°C ne. MOSFET na zamani masu ƙaramar juriya sau da yawa sun fi tsofaffi rauni a wannan yanayin, musamman a tsarin 48V. Adadin amfiya da ke shafin farko bai ce komai a kan wannan ba.

Kwandensan 100nF na haɗin farko yana rage kaifin rububin ne kawai, ya isa ga 'yan ɗaruruwan µF. Ga inbata bai isa ba. Wasu suna ɗora rasista a kan makunnin daga A zuwa B don ya cika kwandensa tukuna. Yana aiki, amma ya buɗe hanya ta dindindin ta ɓangarori biyu. Idan za a yi haka, rasistan ma yana buƙatar nasa ƙananan MOSFET biyu baya da baya.

Idan kuma batir ne a ɓangarorin biyu, jinkirin kunnawa ba ya magance komai. Batir mai 13.3V da mai 11.8V, da jimillar juriyar 30mΩ a tsakaninsu, 50A ne zai bi, kuma ba na milisakan ba. A sa sharaɗi a allon umarni cewa ba za a kunna ba sai bambancin ya yi ƙasa da wajen 0.3V, ko a sa cajar DC zuwa DC a tsakani.

Tsallen boltej lokacin kashewa, da fiyus

Kowace mita ɗaya ta waya tana da kusan 1µH. Yanke 10A cikin 1µs a kan waya mai mita 2 yana haifar da ƙarin 20V. Yanke 100A na gajeriyar hanya cikin 1µs ɗin nan, 200V. Don haka a sa TVS daga A zuwa nagetif, wani daga B zuwa nagetif, kusa da ƙafafun D. Ga ɓangaren batir 12V, SMBJ18A ya yi, yana danne tsalle a wajen 29V. Ga ɓangaren farantin sola a sa SMBJ24A, mai dannewa a wajen 39V. A tsarin 24V, SMBJ33A yana dannewa a wajen 53V, wanda ya yi kusa da 55V na IRF4905 fiye da kima, don haka a nan a nemi MOSFET mai 80V ko 100V.

TVS mai harafin A a ƙarshe yana zama diyod na gaba idan aka juya batir, sai ya busa fiyus. Wanda yake son makunnin ya jure juyin batir ba tare da busa komai ba, ya sa mai CA. A tuna kuma cewa a wannan halin boltej biyun haɗuwa suke yi a kan MOSFET ɗaya: 12V a juye a A da 14.4V a B sun zama sama da 26V. Haɗin nau'in P yana tare juyin ne kawai idan yana kashe. Idan aka ba shi umarnin kunnawa alhali B tana da batir, zai kunna, batir biyun su haɗu a jere ta cikinsa.

MOSFET idan ya mutu, yawanci a haɗe yake mutuwa. Tunda wuta tana ɓangarori biyu, fiyus ma biyu ne, kowanne kusa da kan batirinsa. Ga 10A, fiyus 15A da waya mai 2.5mm² sun dace.

Gwaji kafin a haɗa batir na gaske

A fara da MOSFET ɗin kansa, domin na jabu sun yi yawa a kasuwa, jikin daidai, rubutun daidai, silikon na ciki ƙarami. A ba G cikakken 10V, a tura 5A ta ciki da kwan fitilar mota na 55W a matsayin lodi (yana jan wajen 4.5A), a auna milibolt tsakanin D da S a kan ƙafafun kansu. IRF4905 na gaske ba zai wuce 100mV ba a sanyi. IRFB4110 zai nuna wajen 20mV. Wanda ya nuna ninki uku na haka, a ajiye shi.

Sai haɗin gaba ɗaya, da na'urar ba da wuta mai iyakance amfiya, ko batir da ƙaramin kwan 5W a jere. A sa wuta a A, kwai a B, makunni a kashe: kwan kada ya kama. A kunna, ya kama. A musanya, wuta a B, kwai a A, a maimaita. Wannan gwaji na biyun ne ake yawan tsallakewa, alhali shi ne dalilin aikin. Idan kwan ya kama ta ɓangare ɗaya a kashe, an juya MOSFET ɗaya ko ya mutu. Idan ya kama ta duka biyun, a duba farantin sanyaya, sannan a auna G da S, wanda ya kamata ya kasance ƙasa da 0.7V.

Bayan nan a cire kwan, a sa mita a ma'aunin µA tsakanin ɓangaren da ba shi da wuta da nagetif, makunni a kashe. IRF4905 an ba shi iyakar yoyo 25µA a 25°C, tana hawa zuwa 250µA a 150°C. Idan mita ta nuna milliamfiya, akwai wata hanyar da ta kewaye makunnin. Inda aka fi samunta shi ne LED na nuni da aka ɗora tsakanin A da B, rasistocin auna boltej biyu da suka haɗu a ƙafa ɗaya, ko Arduino da ke cin wuta daga A amma yana auna B: idan A ta mutu, wutar B tana shiga ta ƙafar awo, ta bi diyod ɗin kariya na cikin guntun, ta ɗaga layin 5V ɗinsa har ya yi rabin farkawa ya kunna makunnin. Ana hana wannan da ciyar da allon umarni daga ɓangarorin biyu ta diyod biyu, da kuma sa rasistan sama na awo ya kai 100kΩ ko fiye.

Daga ƙarshe a ɗora cikakken lodi na minti 30, akwati a rufe yadda zai zauna a wurin aiki, a auna milibolt daga A zuwa B a minti na 1, na 10 da na 30. Adadin zai hau kaɗan ya tsaya. Idan a minti na 30 yana ci gaba da hawa, zafi yana ƙara juriya, juriya tana ƙara zafi, sai a ƙara farantin sanyaya ko a jera wasu MOSFET biyu a gefen na farko, kowanne da nasa rasista 10Ω a ƙafar G.